Kwantenar Riɗi Daga Gumel Zuwa Mersin: Yadda Wani Kamfanin Dako Ya Yi Mana Aiki

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman riɗi a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari, kuma tun daga lokacin da kayanmu suka sauka a Turkiyya mutane suke tare ni a kasuwar Alhamis suna tambayata ko kamfanin da ya yi mana dakon kwantena ya cancanci a ba shi amana. Amsar ta fi ƙarfin hirar bakin rumfa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yaba masa, akwai kuma inda zan yi kuka da shi. Abin da mai karatu yake buƙatar sani shi ne, kamfanin yana da ofishi a Kano da wakili a Legas, kuma aikinsa shi ne ya samo wa mai kaya kwantena daga kamfanin jirgin ruwa, ya kawo ta inda za a yi lodi, ya mayar da ita bakin teku, ya bi takardun har jirgi ya tashi.

Shekara da shekaru riɗinmu yana ƙarewa ne a hannun dillalai, su kai Maigatari ko Dawanau, daga nan kuma sai labari. Da muka sami mai saye kai tsaye a birnin Mersin na Turkiyya, inda ake niƙa riɗi a yi wani irin tunkuza mai ruwa da alewa, ake kuma barbaɗa shi a kan burodi, sai shugabanmu ya ce bana sai mun ga ƙarshen hanyar da buhunmu yake bi. Sharaɗin mai sayen ya kasance a fili: riɗi fari tas wanda aka tace daga ƙasa da tsakuwa, wanda ya bushe sosai, a cikin sababbin buhuna masu cin kilo 50, a kwantena guda mai tsawon ƙafa 20.

Zaman farko da wakilin kamfanin shi ne abin da ya fara saye mini zuciya. Saurayi ne, amma ya san aikinsa. Ma'ajinmu, wanda ba ya son a bar kobo a ƙasa, ya kawo shawarar a ɗauko mai ƙafa 40 domin a zuba ninki biyu a biya kuɗin mota ɗaya. Wakilin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ɗakin ne ya ninka, ƙarfin ɗaukar bai ninka ba." Sannan ya yi mana bayanin da har yanzu nake amfani da shi: kwantena mai ƙafa 20 tana da ɗaki mai cin kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67, amma iyakar nauyin da aka yarda su ɗauka kusan ɗaya ne. Saboda haka kaya mai nauyi irin riɗi, ƙaramar ce tasa, domin nauyi zai kai iyaka tun kafin babbar ta cika. Kaya mara nauyi mai cin wuri kuwa, irin zoɓon da ake kaiwa Meziko daga wannan yanki namu, shi ake nema wa mai ƙafa 40, har ma irin dogayen nan da suka fi sauran tsawo da ƙafa guda. Wanda yake neman ya cuce mu da sai ya bar mu mu ɗauki babbar mu biya kuɗin iska.

Ya kamata in faɗi wani abu game da akwatin kansa, domin da yawa daga cikinmu mun san kwantena ne kawai a matsayin shagon caji ko na sayar da siminti a bakin titi. Faɗinta ƙafa 8 ne, tsayinta daga ƙasa zuwa sama ƙafa 8 da rabi, jikinta ƙarfe ne mai jure tsatsa, daɓenta katako, kuma a kowace kusurwa daga cikin takwas ɗin akwai wani dunƙulen ƙarfe mai rami wanda da shi ake ɗaga ta, da shi ake ɗaure ta a kan tirela, da shi kuma ake haɗa ta da 'yar'uwarta a cikin jirgi. Wannan daidaiton awo shi ne sirrin abin gaba ɗaya, domin akwatin da aka ƙera a ƙasar Sin zai zauna daram a kan tirelar da ta taso daga Kano, kamar don ita aka yi shi. Wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, shi ne ya bunƙasa wannan dabara tun daga 1956, lokacin da ya ɗora akwatuna 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Kakana ya yi dakon gyaɗa a zamanin dalar gyaɗa ta Kano, kuma yakan ba mu labarin yadda buhu ɗaya yake hawa jaki, ya sauka, ya hau mota, ya sauka, a jera shi a dala, a sauke shi a sa a jirgin ƙasa, a Legas kuma a sake ɗaga shi zuwa cikin jirgin ruwa, kowane hawa da sauka da abin da yake zubewa ko yake ɓacewa. Namu buhun kuwa, daga hannun leburanmu na Gumel babu wanda ya sake ɗaga shi sai leburan Mersin, in ban da 'yan buhunan da jami'ai suka buɗe domin dubawa.

Tirela ba ta shiga ƙauyenmu saboda rairayi, don haka muka kama hayar sito a bakin kwalta kusa da Gumel, muka yi ta jigilar buhuna da amalanke da ƙananan motoci har suka cika. A ranar da aka yi alkawari, cikin watan Disamba, motar ta iso da hantsi da kwantena ja a bayanta, yaran gari suka yi mata rakiya tun daga kwana.

A nan ne aka yi abin da na ɗauka shi ne mafi muhimmanci a duk wannan harka, kuma ba daga kamfanin muka koye shi ba, daga wani dattijo ne da ya daɗe yana lodi a Dawanau wanda shugabanmu ya gayyato. Leburori sun riga sun ɗaura ɗamara za su fara ɗauka, sai dattijon ya ɗaga hannu ya ce mini, "Malam sakatare, zo mu shiga, a rufe mu a ciki." Muka shiga, aka ja ƙofofin aka datse, duhu ya rufe mu kamar cikin rijiya. Ya ce in ɗaga kaina. Can wajen kusurwar gaba sai ga haske siriri kamar allura guda biyu yana saukowa daga rufi. Ya ce inda haske ya shiga, ruwan teku ma zai shiga. Bayan haka ya ce in ja numfashi, sai na ji wani wari mai kama da na man fenti yana tasowa daga katakon ƙasa, kuma da aka buɗe ƙofa muka ga tabon abin da ya taɓa zuba a wurin. Riɗi kaya ne mai mai, kuma mai yana jan wari kamar yadda nono yake ja, don haka da mun yi lodi a cikin wannan akwati da mai sayen ya ƙi kayan tun daga bakin ƙofa, ko da ruwa bai taɓa su ba.

Na buga wa wakilin waya ina tsammanin za a yi ja-in-ja. Bai musa ba. Ya nemi in aika masa hotuna, ya ba shugabanmu haƙuri, ya ce a mayar da ita. Bayan kwana huɗu wata ta iso, shuɗiya, busasshiya, ba wari, robar bakin ƙofarta lafiya lau, sandunan kullewa guda huɗu duk suna shiga ba tare da an sa guduma ba. Kuɗin zuwan motar farko da komawarta kamfanin ne ya ɗauka, kuma wannan na rubuta shi a gefen alheri. Sai dai dole in faɗa cewa alheri ne da ya biyo bayan sakaci, domin sun san kayan abinci za mu zuba, kuma duba akwatin a wurin da ake ajiye su aikinsu ne, ba na wani dattijo da Allah ya kawo mana ba. Kwana huɗun nan kuwa, kamar yadda za a gani, sun dawo mana da tsada.

Lodin kansa ya tafi yadda ake so, kuma a nan kamfanin ya nuna ƙwarewa. Sun turo ma'aikaci da takarda mai kauri wadda aka shimfiɗa a ƙasa aka kuma lulluɓe bango da ita, da wasu jakunkunan sinadari masu shan danshi da aka rataya a ƙugiyoyin sama. Wasu daga cikinmu sun yi dariya, suna cewa wane danshi ne a tsakiyar hunturun Jigawa, lokacin da leɓe ma tsagewa yake yi. Ma'aikacin ya bayyana cewa ba don Gumel aka sa su ba. Akwatin ƙarfe ne da zai bi ta laimar Legas, ya yi makonni a kan teku, rana ta gasa shi dare ya sanyaya shi, ya kuma isa Turkiyya a lokacin sanyinsu. Duk ɗan ruwan da ya rage a cikin ƙwayar riɗi da katako zai tashi ya taru a rufi kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya, sannan ya ɗigo a kan buhunan sama, daga nan sai fumfuna. Saboda wannan dalili ne ma ya hana a jera buhu har ya taɓa rufin, ya kuma sa aka raba nauyin daidai daga gaba zuwa baya. Muka zuba buhu 380, wato tan 19, ina ƙirgawa da littafi, ma'aji yana ƙirgawa da tsakuwa, lissafinmu ya zo ɗaya.

Kafin a rufe na tsaya na kwafi abin da ke jikin ƙofar, kuma ina ba duk mai niyyar wannan harka shawarar ya yi haka. Akwai lambar kwantenar, baƙaƙe huɗu da alƙaluma bakwai, wadda babu wata kwantena a duniya da take da irinta. Akwai nauyinta in babu kaya, wanda ya ɗan haura tan 2, da iyakar nauyinta da kaya, kilo 30,480. Akwai kuma wani ɗan allon ƙarfe da yake nuna an duba lafiyarta bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1972. Daga nan aka kai motar babban sikeli, domin tun daga 1 ga Yulin 2016 dokar sufurin teku ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai mai kaya ya bayar da tabbataccen nauyinta. Dalilin a fili yake: ana jera su ne hawa-hawa, kuma in aka ɗora mai nauyi a sama bisa ƙaryar cewa mara nauyi ce, jirgi da mutanen cikinsa ne a cikin haɗari.

Ta fuskar takardu ba ni da ƙorafi ko kaɗan, kuma a ganina nan ne kuɗin da muka biya ya fi halatta. Rajistar mai fitar da kaya a hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta NEPC, da fom ɗin bayanin kayan fitarwa na NXP da ake cikewa ta banki, namu ne, amma su suka zaunar da ni suka nuna mini abin da zan rubuta a kowane gurbi. Su suka shirya zuwan masu feshin ƙwari, suka karɓo takardar shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan noma masu shiga da fita ƙasa, suka tuna mana kuɗin duba kayan fitarwa na rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kaya, suka kuma ja mana kunne cewa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180. Da na rubuta sunan kamfanin mai saye da kuskuren baƙi ɗaya, wata ma'aikaciyarsu ce ta gano tun kafin a buga takardar lodin jirgi, wadda ita ce mai saye zai nuna a can kafin a sakar masa kaya. Manomin da bai taɓa shiga wannan daji ba, in ya ce zai ratsa shi kaɗai, zai sha wuya.

Kukana yana kan hanya ne. An ce mana kwana huɗu zuwa biyar mota za ta isa Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga inda muke. Kwana biyun farko direban yana ɗaga waya, ya ce ya wuce Zariya, ya ce ya wuce Kaduna. Daga nan sai wayarsa ta mutu. Kwana uku cur ba mu san inda dukiyar mutum fiye da arba'in take ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe amanar jama'a a ƙauye ya san abin da wannan yake nufi: tsohuwar da ta kawo buhu biyu ba ta tambayar kamfani, ƙofar gidana take zuwa da sassafe ta ce, "Ɗana, ina labarin riɗina?" Na kira ofishin Kano sau da yawa, amsar ɗaya ce, wai ana bincikawa. Sai daga baya muka fahimci cewa motar ba tasu ba ce, haya suka ɗauko daga wani mai motoci, kuma ta lalace ne kafin gadar Jebba, direban ya bar yaron mota yana gadi ya tafi neman kayan gyara. Lalacewar mota ba laifin kowa ba ne, kuma duk wanda ya san wannan hanya ba zai yi mamaki ba. Abin da ban yafe ba shi ne ɓoye mana cewa motar haya ce, da kuma rashin wata na'urar bin sawu a jikinta a wannan zamani da ake sa wa babur ma irinta.

Jinkirin nan, haɗe da kwana huɗun da aka ɓata wajen canjin akwati, ya sa muka rasa jirgin da aka yi mana rajista. Kowane jirgi yana da ranar da yake rufe karɓar kaya, kuma shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ba a yin sa da ka, domin tun 2021 sai mota ta sami izinin shiga ta na'ura kafin ta tunkari ƙofa. Kwantenarmu ta zauna a wurin tantance kayan fitarwa har jirgi na gaba ya zo. A nan ne muka fara jin wasu kuɗaɗe da ba a taɓa ambata mana ba: kuɗin ajiya a filin, da tarar da kamfanin jirgi yake ɗorawa in akwatinsa ya wuce kwanakin kyauta a hannun mai kaya. Ashe tun ranar da aka ɗauko kwantena babu kaya agogo yake fara bugawa. Takardar yarjejeniyarmu ba ta faɗi kwanakin kyautar nawa ne ba, ba ta kuma faɗi wanda zai biya in jinkirin daga wajen mota ya fito ba. Wannan gibin rabinsa laifina ne, domin ni na karanta takardar na ce wa shugaba ya sa hannu, amma wanda ya rubuta ta ya san da ramin, ni kuwa ban sani ba.

Shugabanmu da kansa ya tafi Kano, na raka shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye littafina a kan tebur, wanda na rubuta ranar kowane abu a ciki, ya ce wa manajan, "Ranka ya daɗe, nuna mini rana ɗaya a cikin nan da mu muka ɓata." Manajan ya juya shafukan, ya yi shiru, a ƙarshe aka daidaita a kan su ɗauki tarar akwatin gaba ɗaya, mu kuma mu raba kuɗin ajiya da su. Na tabbata da babu wannan littafi da mu za mu biya duka, kuma ban ji daɗin cewa sai da dattijo ya yi tafiyar Gumel zuwa Kano kafin a ba shi abin da yake haƙƙinsa ba.

Da jirgi ya tashi kuwa hankali ya kwanta, domin da lambar nan da na kwafa nake shiga shafin kamfanin jirgin ta waya ina ganin inda akwatin yake, har da ranar da aka sauke shi a wata tasha ta bakin Bahar Rum aka sauya masa jirgi. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, a ce ina iya sanin inda kayana suke a tsakiyar teku amma na kasa sanin inda suke tsakanin Kaduna da Jebba. Mai sayen ya aiko da hoton hatimin ƙofa kafin ya yanke shi, lambar ta yi daidai da wadda ke cikin takardarmu, buhu 380 cif, babu wanda ya jiƙe, jakunkunan shan danshin kuwa sun kumbura sun yi nauyi.

To, ko zan ba wani shawarar ya yi aiki da su? Zan ba shi, in yana da kayan da za su cika kwantena, domin mai buhu hamsin gara ya sayar a Maigatari ya huta, ko ya haɗa kai da wasu kamar yadda muka yi. Sun san akwati, sun san lodi, sun san takarda, kuma in aka kama su da gaskiya ba sa gudu. Rauninsu shi ne mota da kuma faɗin abu kafin ya faru. Bana mun riga mun aika musu da sharuɗɗanmu a rubuce: ɗayanmu zai je ya shiga cikin akwatin a Kano kafin ya taso, za a rubuta kwanakin kyauta da wanda zai biya tara in mota ta makara, za a ba mu lambar mai motar ba ta direba kaɗai ba. Mun kuma nemi su lissafa mana abin da zai ci in an bi ta Tashar Tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023 domin a riƙa kammala binciken kaya da takardunsu tun daga Kano, mu gwada shi da kuɗin tafiya kai tsaye. Wakilin ya amince da sharuɗɗa biyun farko, na ukun kuma ya ce sai ya yi magana da manajansa, kuma har ranar da nake wannan rubutu muna jiran amsarsa.